Kawu Mato da Soyayyen Shayi

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, an sauko daga sallar La'asar, Kawu Mato ya fara soya shayi a ƙofar shagona na ɗinki a Kara-Kara. Waɗanda suke wurin su ne ni ɗan ƙanwarsa, da Alhaji Kalla mai goro, da Lawali mai facin taya, da Mushe Isufu da ya ajiye koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Na ambaci sunayensu ne don duk suna raye, mai shakka ya je ya tambaye su.

Ku da kuka san shi kun san ba a ganinsa sai da ɗan kasko a hammata. To, ranar ce kaskon ya fara fitowa. Kafin nan shekara da shekaru Kawu ne mai butar shayi a fadarmu ta hirar yamma. Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, kumfa har bakin finjali, sukari kuwa kamar ba saye ake ba. Sai jiri ya fara ɗibarsa, barci ya ƙaurace masa. Lokotoro ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya bar sukari, ya bar shayi mai ƙarfi. Da wani ne sai ya miƙa butar ga na kusa. Kawu ya ce buta ba ta barin hannunsa, fada kuma ba ta watsewa yana numfashi.

Ya aza kasko a garwashi, ya zazzaga ganyen shayi a ciki, ba ruwa ba mai.

Alhaji Kalla ya leƙa ya ce, "Mato, gyaɗa ta ƙare a Damagaram ne?"

"Rufe mini baki, Kalla. Ilimin Japan ne wannan."

Ashe da yana direba ya taɓa tuƙa wasu mutanen Japan masu haƙar rijiyoyi a ƙauyukan Garagumsa. A can ya ga injiniyansu yana soya ganyen shayi da yamma, har ya ce a ransa rana ta taɓa kan bawan Allah. Injiniyan ya ba shi ya kurɓa, ya gaya masa sunansa hojica, a ƙasarsu tsofaffi da yara ma suna sha, don suyar tana rage masa ƙarfi da ɗaci, ba ya hana barci kamar ɗanyen.

Ga yadda Kawu yake yi, daki-daki, don na gani ba sau ɗaya ba. Da farko a wanke kasko ya bushe ƙarau. A jira wuta ta kwanta, sai garwashi. A zuba ganye a yi ta girgizawa ba tsayawa, har koren ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya tashi. A juye a faifai ya huce. Sannan a ɗebi kaɗan a buta, a zuba masa tafasasshen ruwa, a ƙirga talatin, a tsiyaye. Ba a dafawa, ba a juyawa daga finjali zuwa finjali. Idan ka tambaye shi minti nawa suyar take ci, sai ya taɓa hancinsa ya ce, "Ga agogon nan."

A ranar farkon nan, da ya gama, ya miƙa wa kowa finjali. Alhaji Kalla ya ɗaga finjali yana dubawa ta ƙasa.

"Ina kumfa?"

"Kumfa? Wanki ka zo yi?"

Lawali ya kurɓa ya yamutsa fuska. "Wallahi Baba Mato, ruwan wankin kasko ne."

Amma Mushe Isufu ne ya faɗi abin da ya fi damunsu. Ya ce, "Yanzu shi ke nan, an gama? Mu da buta ɗaya take kai mu Magariba! Me za mu yi da sauran yammar?"

Kawu ya ce, "Ku yi hira da bakinku mana. Da buta ce take yi muku?"

Ba a yi sati ba suka naɗe tabarmarsu suka koma tsallaken hanya, wajen wani mai gyaran rediyo da yake dafa irin na da. Kawu ya bi su da kallo, ya ɗaga murya ya ce, "Ku je! Lokotoro zai kawo mini ku!" Tun daga ranar wannan ta zama maganarsa. Amma kullum bayan La'asar sai ya wanke finjali biyar ya jera a tire, alhali mu biyu ne. Na ce, "Kawu, ukun nan na wane ne?" Ya ce, "Kai dai yi ɗinkinka."

Kaskon nan kuwa na matarsa ne, Inna Zuwaira, ɗauka ya yi bai tambaya ba. Wata rana yana kasuwa ta ɗauki abinta ta soya fara da yaji, ta goge ta mayar. Kawu bai sani ba ya zazzaga ganyen sati guda a ciki. Kai! Tun daga bakin layi ake jin abin. Na kurɓa na ajiye na ce, "Kawu, a zubar." Ya ce a zubar da me? Ganyen da aka saya? Haka ya shanye shi tas a cikin satin, idonsa na ruwa, yana leƙen tsallaken hanya yana cewa, "Wa ya taɓa ba ku shayi da nama a finjali ɗaya?"

Daga nan bai ƙara yarda da kowa ba. Kasko a hammata zuwa masallaci, kasko a hammata zuwa ɗaurin aure. Ranar kasuwar Mirriya yaron mota ya ce a ɗora shi a sama da kaya. Kawu ya ce, "Ɗora ni a sama, shi ka ba shi kujera."

A bakinsa shayin nan maganin komai ne, har da mantuwa da faɗan mata. Ni ba zan rubuta abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne barcinsa ya dawo, ƙwannafin da yake kuka da shi ya ragu, ya rabu da sukari, kuma jikokinsa suna sha da yamma su kwanta lafiya. Ƙwayoyin lokotoro kuwa bai fasa sha ba, wannan ni na tsaya a kansa.

Mushe Isufu ne ya fara dawowa, bayan an ce masa yana da ciwon sukari. Ya zauna a gefen tabarma yana gyaran hula. Kawu bai dube shi ba, ya tura masa finjali ya ce, "Ya lokotoro? Ka gaishe mini da shi." Bayansa sai Lawali, da ciwon ciki. Sai ga shi suyar da suka raina ita take cin lokacin, kowa na sa baki, wannan ya ce ya yi, wancan ya ce saura, har a kira Magariba.

Alhaji Kalla ya fi kowa taurin kai, shi ya zo ƙarshe. Ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Hmm." Ya sake kurɓa ya ce, "Hmm." Mutumin da ba ya rufe baki! Kawu ya ƙura masa ido.

"Kalla, tuna mini sunan yankin da na koyo shayin nan, can wajen Takeita."

Alhaji ya yi nuni da hannu wai ya manta.

"Faɗi mana, ai can kake kai goro."

"Garagum..." Sai ga ƙwayar sukari ta faɗo daga kumatunsa kan tabarma! Lawali ya kwanta don dariya, Mushe har da hawaye. Kawu ya ɗauki ƙwayar ya hure ta, ya miƙa masa ya ce, "Riƙe, ka kai wa lokotoro tsaraba." Sannan ya dubi tire. Finjali biyar, kowanne da mai shi. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka ga na wane ne?"

Watan jiya Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya. Inna Zuwaira ta aiko mini da kaskon, ta ce ita ta yafe masa tuntuni. Na gwada suyar sau biyu na ƙona, na uku ya yi dama-dama. Allah ya jiƙan Kawu Mato, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi abin da ya fi wanda ya shayar da mu.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar za mu yi masa addu'a a ƙofar shagon, kuma zan aza kasko. Duk wanda ya taɓa shan shayinsa, ko ya taɓa yi masa dariya, ina roƙonsa ya zo da finjalinsa. Kada kowa ya zo da sukari. Alhaji Kalla, kai sai ka buɗe baki an duba kafin ka zauna.