Manyan Baƙaƙen Yaya Sanusi

Shekara uku ke nan cif da muka rasa yayana Sanusi, amma ban taɓa jin rashinsa kamar wata safiyar Talata ta watan jiya ba. Na je ɗibar ruwa a burtsatse, na yi wa mata sallama, babu wadda ta amsa sai guda ɗaya, ita ma ciki-ciki. Wadda ke gabana ta janye bokitinta daga kusa da nawa. Na ɗebi ruwana na koma gida, ban san laifina ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Sanusi a Ƙanƙara ya koyi aikin kwamfuta, ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Ƙungiyar manomanmu ta roƙe shi ya sauƙaƙa mata rajistar taki da rigakafin dabbobi, sai ya haɗa mata fom a intanet: suna, unguwa, gona, da yawan shanun mutum. Ina gama sakandare ya zaunar da ni kusa da shi ina koyo. Da ciwon hanta ya ɗauke shi, aikin da kwamfutar suka dawo hannuna.

Akwai wani abu a fom ɗin da muka sha yin musu a kai. Duk yadda ka rubuta, da zarar ka danna adanawa, sai rubutun ya koma manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe. Shi ya tsara shi haka da gangan. Ni kuwa da ɗanyen bokona sai abin ya riƙa ba ni haushi.

"Yaya, wannan ai ihu ne ba rubutu ba."

"To 'yar boko, kai wa Baba Ɗanjuma ƙananan naki mu gani. Mutumin da in zai karanta takarda sai ya miƙe hannu kamar mai awon yadi?"

Baba Ɗanjuma shi ne sakataren ƙungiya, dattijo mai raunin ido, kuma ya rantse ba zai sa tabarau ba. Dalili na biyu, in ji Yaya, mutum uku ke cike fom ɗin ta wayoyinsu, kowa da salonsa, sai kwamfuta ta ɗauki manomi ɗaya a matsayin biyu. In komai ya shiga da siffa guda, babu rigima.

Kafin azahar ɗin Talatar nan na ji abin da ya faru. Ɓarayin daji sun kore shanun gida uku, kuma masu bin sawu sun tsinci takarda a ninke a bakin daji, bugun kwamfuta, ɗauke da sunayen mutanen garinmu da yawan shanun kowa. Kwamfuta ɗaya aka sani a garin. A yankinmu kuwa, wanda aka laƙaba wa sunan infoma, wato mai tsegunta wa ɓarayin daji, ba kullum ake tsayawa jin ta bakinsa ba. Matan da suka yi mini kitso ina yarinya su ne aka ji suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Washegari da hantsi aka kira ni zauren Mai Unguwa, aka ce in zo da kwamfutar. 'Yan sa-kai na tsaye a ƙofa da bindigoginsu. Aka shimfiɗa takardar a gabana. Da ƙyar idona ya tsaya a kanta, amma da ya tsaya sai na ga abin da ba wanda ya kula da shi: ƙananan baƙaƙe ne, layi bayan layi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba daga kwamfutarmu ta fito ba."

Shugaban 'yan sa-kai, wani da ake kira Dogo, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ita kwamfutar ce ta raɗa miki?"

Na roƙi a bar wani ya gwada, ba ni ba. Sai da muka fito gindin dalbejiya inda sabis ke kamawa. Malam Isiyaku, hedimastan firamare, ya rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe, ya adana, ya buɗe. Ga shi nan manya, ɓaro-ɓaro. Ya sake da sunan Dogo, ya sake da na Mai Unguwa. Duk haka.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Dogo. "Mi zai hana ta zauna wani wuri ta sake bugawa?"

Gaskiyarsa. Sai Baba Ɗanjuma ya kwance tsohuwar jakarsa, ya zube takardun rajista tun na zamanin Yaya, ya ɗaga wadda aka tsinta a daji ya miƙe hannu yana ƙanƙance ido.

"Waɗannan duk ina karanta su. Wagga kuwa tururuwa kawai nike gani. Ku faɗa mani, wanda ke da hatsi a rumbu, mi zai kai shi kala? Yarinyar da danna abu ɗaya zai fito mata da sunayen duka, ita za ta zauna tana tsintar su ɗaya-ɗaya?"

Aka ce in koma gida, kada in bar gari sai an gama shawara. Kwana huɗu ban leƙa ko zaure ba. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofarmu sai Inna ta miƙe tsaye.

A kwanakin nan na yi ta tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga garinsa yau. A zamaninsa in ya tambayi mutum shanunsa nawa, da fara'a ake faɗa, wani har ya ƙara biyu don burga. Yau ko ɗan'uwanka ba ka faɗa wa. Ina jin da zai fara goge wannan tambayar daga fom ɗin, kuma ni ma na daina yin ta. Abin da na fi jin kunyar ya gani shi ne yadda cutar zargin ta kama ni, ni ma. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ga ni ina lissafa wa ke yawan zuwa kasuwar Ƙanƙara, wa ya canja waya, wa ya fi kowa ɗaga murya a kaina ranar nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma sai ya zabura.

Yaya ya rasu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Kwamfutar ma ta fara gajiya. Abin da ya rage nasa shi ne ɗan tausayin da ya yi wa idon wani tsoho, bai san ƙanwarsa yake yi wa tanadi ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini musun da na yi masa.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ji sallamar Baba Ɗanjuma, da kayan cocinsa a jiki bai ko canja ba. Na fito na tarbe shi.

"Ɗiyata, an gama magana. Babu hannunki. Dogo ma ya yarda, ba mai taɓa ki."

Na durƙusa na yi masa godiya. Sai na ce, "Baba, to wa ya rubuta?"

Ya dubi layin ta gabas, ya dube shi ta yamma, sannan ya sassauta murya.

"Wanda ya san shanunmu ba sai ya tambayi kwamfuta ba. Shiga gida, ki turo ƙofa."