Abin da Goggo Mai Kitso Ke Ji a Wuyan Mata

Kwana uku da fitata takaba, Goggo Mai Kitso ta yi sallama a ƙofar ɗakina, riƙe da kibiya da mataji da kwalbar mai. Ban aika a kira ta ba. Tun rasuwar Malam, Allah ya jiƙansa, gashina ke dunƙule cikin ɗankwali, har ni kaina ina jin kunyar taɓa shi. Ta janyo kujera ta ce, "Zauna, ƙanwata." Tun hantsi take warware shi sili-sili har aka kira azahar. Ba ta ce min in yi haƙuri ba, ta san kunnena ya cika da wannan. Labarin wata akuya da ta cinye mata sabulu ta yi ta ba ni, har na ji kaina ina dariya. Daga ranar na zama mai zaman ɗakinta, ina miƙa mai, ina tsefe wa masu jiran layi.

Goggo ta koyi kitso a wurin kakarta tun tana 'yar shekara tara, a kan ƙannenta ta fara, suna ihu tana ja. Ta auri direban motar haya, ta haifa masa 'ya'ya shida, ta aurar da biyar. Yanzu Direba ya ajiye tuƙi saboda ido, sai zaman benci a ƙofar gida da gyara wa masu wucewa tuƙi da baki. Ita kuwa tana nan a kan kujerarta ta katako mai gajerun ƙafafu, wadda zama ya lotsa tsakiyarta. Bayanta ya ɗan ranƙwafa, yatsunta sun yi kanta, amma tsagarta har yau kamar an ja da zare.

Ɗakin ba shi da girma. Tabarma biyu ne, da fanka mai kukan tsufa, da madubin da ya tsage a gefe, sai talabijin a kan kabad an lulluɓe samansa da ƙyalle mai fure. Mai kitso takan zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin Goggo tana fuskantar talabijin, ko da kanta a karkace yake tana iya satar kallo. Goggo ce kaɗai ba ta kallo. Idonta na kan tsaga. Shekara goma sha da sayen talabijin ɗin nan, amma in ka tambaye ta kamannin mai karanta labarai ba za ta iya faɗa maka ba, muryarsa kawai ta sani.

Da lokacin zaɓe ya zo, aka fara muhawarar 'yan takara a talabijin. Ranar da aka yi ta, maza ne ke mamaye akwatin, Direba ya fitar da shi waje a yi ta gardama. Washegari da hantsi ake maimaitawa, wannan ne rabon mata. Sai dai kafin su iso kowace ta riga ta karya kumallo da hukuncin mijinta. Matar Kafinta za ta shigo tana cewa wane ya kayar da kowa. Matar Mai Kanti ta ce ƙarya ne, ko magana bai iya ba. In ka tambaye su me ya ce, sai su ce ai baban su wance ya ji da kunnensa.

A nan ne Goggo ta gano wani abu da ba wanda ya koya mata. Wata rana bayan mata sun watse ta ce da ni, "Ƙanwata, bakin mace na mijinta ne, amma wuyanta nata ne." Ta yi min bayani tana goge kibiya. In ɗan takara ya yi ƙarya, wadda ke hannunta takan ɗan janye kai kamar an ja mata gashin goshi. In yana surutun banza, kan ya yi nauyi, barci ke zuwa. In kuwa ya faɗi abin da ya taɓa ta, sai jijiyar ƙeya ta saki, wuyan ya yi laushi, kan ya kwanta a tafin hannu kamar na jariri. Mace ba ta san tana yi ba. Goggo kuwa kai nawa ke bi ta hannunta a mako? Kafin 'yan rediyo su gama yawon tambayar mutane, ita ta san wanda ya shiga ran matan unguwa.

Matsalar Goggo ɗaya ce, tana son a san ta sani. Ba ta taɓa faɗin sunan kowa ba, amma takan yi murmushi ta ce, "Ku dai yi ta faɗa, ni na ji abin da na ji." Har zancen ya bazu cewa Goggo na karanta kai.

'Yan takara uku ne a shekarar, amma biyu ake lissafi da su. Akwai Dogo, mai murya kamar ganga, wanda in ya fara magana ko mai gabatarwa sai ya haƙura ya bar shi. Akwai Mai Tabarau, tsohon ma'aikacin lafiya, mai in'ina kaɗan, wanda kullum lokacinsa ke ƙarewa yana tsakiyar jimla. Wakilin Dogo a unguwarmu maƙwabcinmu ne, shi ke raba fosta, shi ke tara matasa. Matarsa kuwa aminiyar Goggo ce ta shekara ashirin. Goggo ce ta yi mata kitson aure, ita ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kitson farko. Ba a yin sati biyu ba ta zo ba, kuma in ta zo ba a jin muryar kowa sai tata.

Ranar maimaicin muhawarar ƙarshe Matar Wakili ta zo da zani mai hoton Dogo, ya sha hula yana murmushi a gaba da baya. Ta tsallake layi ta zauna.

Matar Kafinta ta ce, "Yaya, ai mun riga ki zuwa."

"Ku da naku ya sha kaye jiya, ina za ku da kitso? Ku zauna ku yi zaman makoki."

Aka yi shewa. Goggo ta soka kibiya ta fara tsaga. Aka kunna talabijin. Dogo ya fito cikin kwat, ba hula, sanƙonsa na ƙyalli a ƙarƙashin fitilu kamar an shafa masa mai. Kowa ya gani, amma a gaban Matar Wakili wa zai ce uffan? Matar Mai Kanti ta cusa bakin mayafi a baki, shi ke nan.

Dogo ya yi ta zuba. Zai yi hanya, zai yi gada, har inda ba kogi. Matar Wakili na tafi tana cewa, "Faɗa musu, namijin duniya!" Goggo kuwa tana jin kan yana ƙara nauyi a hannunta. Ta yi murmushi ita kaɗai.

Sai aka tambayi Mai Tabarau batun asibiti. Ya gyara tabarau, ya yi in'inarsa, mata na kwaikwayonsa. Ya ce shi ba zai yi alkawarin sabon gini ba. Ya ce ya yi aiki a inda ungozoma ɗaya ce, in ta tafi gida, mace mai naƙuda sai ta jira a kan benci. Ya ce ya san bencin, ya san launin fentinsa. Abin da zai fara yi shi ne kada a sake barin mace a kan bencin nan. Ƙararrawa ta katse shi kafin ya ƙarasa.

"Ji shi, benci zai gyara mana!" in ji Matar Wakili, ta yi dariya mai ƙarfi.

Amma wuyanta ya saki. Kan ya kwanta a hannun Goggo gaba ɗaya, har sai da ta tallabe shi da gwiwa. Goggo ta san dalili. Ita ta raka ta asibiti a cikinta na uku, ita ta zauna kusa da ita a kan benci irin wannan, ita kuma ta dawo da kayan jaririn da ba a saka masa ba. Ta ci gaba da kitso a hankali.

Ana cikin haka wata budurwa ta yi sallama da jaka a kafaɗa da abin ɗaukar magana a hannu. Daga gidan rediyo take, tana bin unguwanni tana jin ra'ayin jama'a. Ta ce maza sun ishe ta, mata take nema. Kowace ta maimaita mata karatun da ta zo da shi daga gida. Sai Matar Kafinta ta ce, "Ke 'yan mata, bar ɓata batirinki a kanmu. Ga Goggo nan. Ita a kai take karantawa, ba a ɓoye mata."

Yarinyar ta durƙusa ta miƙa abin har bakin Goggo. "Mama, da gaske ne? To wa ya ci? Misali wannan da ke hannunki, me kanta ya ce?"

Goggo ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki. Shekara nawa Direba na ce mata me mace mai kallon ƙeya ta sani a siyasa? Ga rediyo ya zo har kujerarta. Ta gyara murya, ta ce, "Ai 'yata, ko wannan ɗin ma..."

Nan take wuyan da ke hannunta ya sandare kamar icce. Ba irin sandarewar jin ƙarya ba ce, Goggo ta san wannan. Ta tsoro ce. In maganar nan ta fita a rediyo, gobe Wakili zai ji a bakin matasansa cewa matarsa, da hoton Dogo a jikinta, zuciyarta na wurin mai in'ina. Matar Wakili ba za ta sake sa ƙafa a ɗakin nan ba. Kuma wace mace ce za ta ƙara ba Goggo kanta?

Dole Goggo ta ƙarasa jimlar da ta faro, ga abin ɗaukar maganar na ta juyawa. Ta lalubi abin da ta sani a duniya, ba ta samu komai ba sai gashi.

"Ko wannan ɗin ma ta san Dogo ne ya ci," in ji ta. "Ni da sana'ata nake auna mutum. Duk cikinsu ba wanda gashinsa ya kai na Dogo kyau. Ga cika, ga gyara."

Matar Mai Kanti ce ta fara faɗuwa a kan tabarma. Matar Kafinta ta riƙe ciki tana kiran sunan Allah. Yarinyar rediyo ta juya baya kafaɗunta na rawa. Goggo ta ɗaga kai, karon farko a ranar, ta dubi talabijin, ta ga kan Dogo fes, ko sili ɗaya babu. Ta ce, "La ila! Wannan ne shi?" Wannan ma abin ɗaukar maganar ya ɗauka.

Sau uku aka sa muryarta a rediyo. Direba ya samu abin yi na wata guda. In ta fito zubar da ruwa sai ya ce wa abokan bencinsa, "Ku matsa, ga mai sharhin siyasa." Wanzamin bakin titi ya aiko mata da gaisuwa, wai ko za ta zo ta nuna masa inda ake taje sanƙo. Aka daina cewa Goggo na karanta kai. Abin ya ci mata rai ƙwarai, na ga haka, don kwana biyu tana kitso ba labari, ba akuya ba komai.

Ran sati biyu cif sai ga Matar Wakili, da 'ya'yanta biyu da wata ƙanwar mijinta. Ta tsallake layi kamar kullum ta zauna.

"Goggo, kin kunyata mu a duniya. Maigidan ya ce in gaya miki, in za ki yabi ɗan takararmu, ki fara dubansa."

"Ki ce masa na ji."

Da Goggo ta zo ƙeya, Matar Wakili ta miƙa hannu baya kamar mai sosa wuya, ta kama yatsun Goggo ta matse su sau ɗaya, ta saki. Sannan ta ɗaga murya ta ce a ƙara fanka, zafi zai kashe ta.

Da la'asar bayan an watse, ina share gashin da ya zuba, Goggo na wanke mataji a roba. Can ta ce, "Ƙanwata, kin san saura ƙiris in faɗa? Wallahi maganar ta zo nan." Ta nuna leɓenta da jiƙaƙƙen hannu. "Kuma na san halina, wata shekarar ma zai taso min. Ki yi min abu ɗaya don Allah. Duk ranar da za a sa muhawarar nan, ki bar tsifa, ki zo ki zauna nan dab da ni ta hagu. In kin ji na gyara murya, ki taka min ƙafa. Kada ki ji nauyina, ki taka da ƙarfi."