Tseren Mota da Sajan Bawa a Zuru

Na tashi tun kafin kiran asuba, amma ban bar Kanya ba sai da gari ya yi haske, don a wannan zamani ba mai hawa hanyarmu da duhu. Maiɗakina ta ƙulla mini gyaɗa da garin kuka, ta ce in kai wa maras lafiya.

Maras lafiyan shi ne Sajan Bawa, tsohon soja, abokina tun ina tuƙa babbar mota zuwa kudu. Mun haɗu ne ranar da motata ta lalace kusa da shingensu a can kurmi. Ya ji na ce daga Kanya nake, ya ce shi ɗan Zuru ne, ya tsare mini kayana har bakanike ya zo. Da ya yi ritaya, ni ma na ajiye tuƙi, duk shigar da zan yi Zuru sai mun buga dara a gindin mangwaron gidansa. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannu ya kwanta, baki ya karkace, magana ta yi nauyi.

'Yarsa Rifkatu, wadda ke aikin jinya, ita ta kira ni. Ta ce, "Baba, likita ya ce hannun zai iya farfaɗowa in yana motsa shi, amma ya ƙi. Na aro na'urar gem, irin wadda ake haɗawa da talabijin. Ya fara so, sai ya gane jikokinsa da gangan suke bari ya ci su, ya ce a kashe. Kai kaɗai na sani ba ka taɓa raga masa ba."

Na ce, "'Yar nan, ni ko wayar shafawa ban iya ba."

Ta ce, "Ka dai zo, Baba."

KANYA ZUWA RIBAH

Isiya ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke ni. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, hanya kuma duk taɓo. A rafi na sauka na naɗe wando, shi ya tura mashin muka haye. Gaba kaɗan muka tarar da shingen 'yan sa-kai. Babbansu ya ce, "Baba, ina zuwa da sassafe?" Na ce, "Zuru, dubiya." Ban gaya masa cewa wasan yara aka kira ni in yi ba, don da gemuna fari ban san yadda zan faɗa ba.

RIBAH ZUWA ZURU

A tashar Ribah na karya da koko da ƙosai kafin mota ta cika. Kuɗin mota ya tashi sosai a kan yadda na sani, na yi mita, ɗan kamasho ya ce in je in yi wa mai sayar da fetur. Aka cusa mu huɗu a baya. Kusa da ni wata mata ce mai sayar da atamfa, Hajiya Kulu, ba za ta rasa jikoki ba. Mota na tashi ta ciro waya ta duƙufa, wayar tana ta ƙananan ƙara kamar ana fasa gyaɗa.

Na ce, "Hajiya, lissahin kasuwa ne?"

Ta yi dariya. "Wane lissahi, Malam? Gem ne. In ban dubi wannan ba, daji zan riƙa duba, duk kututturen da na gani in ce mutum ne, jinina ya hau. Ungo ka gwada."

'Ya'yan itace ne jere a gilashin wayar, mangwaro da lemo da kankana. Ta ce in jawo uku iri ɗaya su haɗu. Na shafa, wayar ta ƙi jin yatsana, saboda kantar fartanya. Ta ce in yi da gefen yatsa, a hankali. Na ja mangwaro guda ya haɗu da 'yan uwansa, sai suka fashe, wasu suka zubo daga sama, su ma suka fashe da kansu. Ban san lokacin da na ce "Kai!" ba, har direba ya waiwayo. Gaskiya abin ba wani hankali a cikinsa, amma yana riƙe ido. Sai da na ji mota ta rage gudu a shingen sojoji na ɗaga kai, ashe mun wuce dajin da kowa ke yin shiru a cikinsa. Sojan ya leƙo, ya ga tsoho da wayar mata a hannu, ya yi murmushi ya ce mu wuce. Na mayar wa Hajiya wayarta na yi mata godiya. Duwatsun Zuru suka bayyana kafin azahar.

ZURU, RANAR FARKO

Saratu, matar Sajan, ta tarbe ni a ƙofa. Ta riga ta share mini ɗakin baƙi, ta ajiye buta da tabarmar salla kamar yadda ta saba. Ta miƙo mini wuƙa da zakara ta ce, "Direba, yanka da kanka, kada ka ce ba ka cin naman gidanmu."

Sajan yana falo a kujera, ya rame, hannun dama yana kwance a cinyarsa. Mutumin da a da muryarsa ke kaiwa bakin titi, ya dube ni ya ce, "Direba." Shi ke nan. Na ba shi labarin gona, na ba shi labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka yi aure, yana gyaɗa kai kawai. Muka ci tuwon dawa da miyar zakara, shi da cokali a hannun hagu, yana juya baya don kada in ga yadda miya ke zuba.

Bayan la'asar Rifkatu ta dawo daga aiki ta kunna na'urar. Ta miƙo mini abin riƙewa, wanda suke kira fad, mai ƙahoni biyu da maɓallai. Ta ce, "Tseren mota ne, Baba, aikinka. Wannan na hagu sitiyari, wannan na dama totur, na kusa da shi birki."

Abin da na gani a talabijin ya ba ni mamaki. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, itatuwa suna wucewa, har inuwar gajimare a kan kwalta. Ƙarar injin kuwa ta shiga ƙirjina, na tuna motata. Aka ba da hannu, motoci suka fizga, ni kuma na tashi a hankali kamar mai ɗauke da buhun dawa ɗari. Na hango kwana, na rage gudu, ina neman sigina. Wata jar mota ta matso ta bayana, na kauce na ba ta hanya.

Rifkatu ta ce, "Baba, tsere ake yi, ba Legas za ka kai kaya ba!"

Na danne totur. Kafin in ƙifta ido ga katanga a gabana. Na yi salati da ƙarfi, na taka birki da ƙafa a ƙasan falo, na shure kofin kunun da Saratu ta ajiye mini. Mota ta yi sama ta kife. Duk shekarun da na yi ina tuƙi ban taɓa kifar da mota ba. Sai ga ta ta miƙe tsaye, ko fitila ba ta fashe ba.

Na ji wani sauti a gefena, na zaci tari ne. Sajan ne ke dariya, bakin a karkace, hawaye na zuba. Saratu ta fito daga kicin da tsumma a hannu, ta tsaya tana kallonsa, ta manta da kunun.

Ya nuna ɗaya fad ɗin, aka ɗora masa a gwiwa. Da hannun hagu kaɗai yake yi, babban yatsa a sitiyari, ƙaramin yatsa ya miƙa kan totur. Haka ya yi ta cina har aka kira magariba.

RANA TA BIYU

Washegari Lahadi. Kafin su tafi coci Rifkatu ta ja ni gefe ta ce, "Baba, in ka iya, kada ka ji tausayinsa." Ta nuna mini yadda ake sauya titi, suka bar mu mu biyu.

Kafin hantsi ya dubi ludayi hannuna ya faɗa. Tuƙi dai tuƙi ne: ka rage kafin kwana, ka taka in ka fito. Na zaɓi wani titin dutse mai yawan kwana, inda dole sai da birki. Sajan ba shi da yatsan da zai kai birki, kowace kwana sai ya daki dutse. Na ci shi. Na sake cin sa. Na ga gumi a goshinsa, zuciyata ta ce in sassauta, amma na san zai gane. Sai bakina ya yi irin abin da ya saba a gindin mangwaro, na ce, "Sajan, ka ajiye hannu ɗaya yana hutawa kamar baƙo, kana son ka ci direba?"

Ya ture fad ɗin ya faɗi ƙasa. Ya juya fuskarsa bango. Da iyalinsa suka dawo ya ƙi cin abinci, ya sa aka kai shi ɗaki.

Na fita masallaci, daga can na kasa komawa, na yi ta zagaya unguwa har rana ta yi sanyi. Na zo dubiya na ƙara wa maras lafiya ciwo. Da na dawo na ce wa Rifkatu, "Na ɓata miki aiki, 'yar nan. Gobe zan koma."

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Tun da ya kwanta bai yi fushi da kowa ba, shiru kawai. Ban san ko wannan ya fi ba."

RANA TA UKU

Na ɗaure jakata kafin in tafi sallar asuba. Ina dawowa, tun daga tsakar gida na ji ƙarar inji. Saratu tana bakin ƙofar falo, ta ɗora yatsa a baki. Ta raɗa mini cewa shi ya tashe ta, ya ce ta ɗaga masa hannun ta ɗora a kan fad.

Na leƙa. Yatsun dama suna naɗe a ƙahon fad ɗin, babban yatsa yana rawa yana neman birki. Ya danna, ya kuɓuce. Ya sake. Mota tana tafiya tana tsayawa kamar mai ruwa a tanki. Rigarsa ta jiƙe. Bai waiwayo ba ya ce, "Zauna."

Na zauna na ɗauki nawa. Muka hau titin dutsen nan. Ban raga masa ba, na riga shi isa da nisa. Amma ya sha kwana biyu ba tare da ya daki komai ba, kuma ya kai ƙarshe. Ya numfasa, ya dube ni, ya haɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, "Kwance jakarka. Sai na ci ka, karen mota."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na kwance jaka.

Na ƙara kwanaki har Alhamis. A ciki na gane abin da iyaye ke kuka da shi, don gem ɓarawon lokaci ne, rannan saura kaɗan la'asar ta wuce ni, sai da Saratu ta zo ta tsaya gaban talabijin ta ce, "Direba, an kira salla." Rifkatu kuma ta ce kada mu ɗauka gem magani ne, motsa hannu ne kawai, sauran aikin yana asibiti. Sajan, wanda ya daɗe da ƙin zuwa, ya ce a kai shi. Har na taho bai iya riƙe cokali da dama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ranar Laraba ya ci ni sau ɗaya, ci na gaskiya. A kwanar ƙarshe tsohon halina ya motsa na rage gudu, ya shige ta ciki ya wuce. Ya sa aka kira maƙwabta aka gaya musu.

Da safen da zan tafi na miƙa masa hannu. Ya tallafo na dama da na hagu ya sa a cikin nawa. Na ji yatsun sun matsa kaɗan.

KOMAWA GIDA

Saratu ta haɗa ni da daddawa da soyayyen nama. Rifkatu ta kai ni tasha, ta durƙusa za ta yi godiya, na ce ta tashi, ni ke da godiya. Motar Ribah ta cika da wuri, hanya lafiya, shingaye suka ɗaga mana hannu. Rafi ya janye, Isiya ya haye da ni ban sauka ba. Na shiga Kanya ana kiran la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Saratu da ta riƙe ni kamar ɗan gida, da Rifkatu da ta tuna da tsohon abokin ubanta, da Hajiya Kulu duk inda take, Allah ya sa albarka a kasuwarta. Wanda ya karanta wannan ya sa Sajan Bawa a addu'a.

Da na zauna cin tuwo maiɗakina ta ga ina yanka loma da ƙyar. Ta kama hannuna ta ga babban yatsa ya yi bororo. Ta ce, "Malam, noma suka sa ka a Zuru?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Tsofaffi biyu!" Sannan ta tashi ta ɗauko man kaɗe, tana shafa mini tana cewa, "In za ka koma, da ni za a je. Ina son in ga motar da ta kifar da kai."