Hoton Baffa a Ɗakin Ƙasusuwa

Warin kafur ne ya kama ni. Ina tsaye a wani gidan tarihi a birnin Prague, gaban tsohuwar rigar wani sarki da aka rufe cikin gilashi, sai hancina ya jiyo shi. Abokan tafiyata, waɗanda muka zo taron ma'aikatan jinya tare, suka yi gaba abinsu, ni kuwa na nemi benci na zauna. Ka yi mini uzuri, mai karatu. Duk inda na ji kafur, akwatin Baffana nake tunawa, kuma abin da ya fito daga akwatin nan da hannuna ya fito.

A wani ƙauye kusa da Tiga na tashi, a gidan kakana. Baffa ƙanen mahaifina ne, ma'aikacin ruwa mai gyaran injinan famfo. Wata shekara aka tura shi kwas ƙasar Czech, wadda mutanenmu suka gajarta suka ce Ceko. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da kwat mai kauri wadda bai sake samun ranar sa ta ba, da hotuna cike da ambulan. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mu yara mu kewaye shi. A nan na fara ganin gada mai gumakan dutse jere a gefenta, da agogon da mutane-mutumi ke leƙowa daga cikinsa, da gidan sarauta a kan tudu. Wanda ya fi so shi ne wani lambu da aka aske wa bishiyoyi kai kamar sun fito daga hannun wanzami, ɗawisu na yawo a tsakaninsu.

Kakana yakan matso da hoton kusa da hanci ya ce, "To wannan lambun me ake ci a cikinsa?"

"Ba a cin komai, Baba. Kallo ake yi."

Sai tsohon ya girgiza kai ya yi wa mutanen ƙasar addu'ar shiriya, mu kuwa mu yi ta dariya.

Akwai hoto guda da ba ya nuna mana. Na leƙa shi ne ta bayan ƙyaure ranar da ya nuna wa Kaka. Baffa ne tsaye cikin kwat ɗinsa yana murmushi, a bayansa ƙoƙunan kan mutane jibge har rufi, ƙasusuwa na rataye a sama kamar damman masara. Na ji yana bayani cewa annoba da yaƙi ne suka cika maƙabartar garin, aka tattara ƙasusuwan a ƙarƙashin wani coci domin masu rai su riƙa tuna mutuwa. Kaka ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ƙona shi. Ni na tambaye ka, mutanen gari ba za su tambaya ba." Baffa mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya kira tarihi. Ya cusa hoton ƙasan akwati, ƙarƙashin kwat da ƙwayoyin kafur.

Shekarata tara a lokacin, kuma bakina ya fi ƙarfin jikina. Wata rana a wurin injin niƙa wata yarinya ta ce ƙarya muke, Baffana ko Legas bai je ba balle Turai. Raina ya ɓaci. Hoton lambu ba zai rufe mata baki ba, na so abin da zai sa ta ihu. Na koma gida na sace hoton ƙasusuwan, na soke a zani, na dawo na nuna mata. Ta kuwa yi ihun. Daga hannunta ya koma hannun wata mata, daga nan hannun mai injin, daga nan ban sake ganinsa ba. Na dawo gida da garina a ka, na ja bakina na rufe.

Damina ce, dawa ta fi tsayin mutum, ƙasa na ƙamshin ruwa. Sai aka fara canja wa Baffa fuska. In ya yi sallama a majalisa a amsa ciki-ciki, in ya miƙa hannu a yi kamar ana gyara hula. Shi bai gane ba. Ni na gane, kuma kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Ranar wata kasuwa aka nemi ɗan maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara huɗu, aka rasa. Aka duba rijiya, aka duba gonaki. Kafin azahar na jiyo hayaniya tana tahowa ta lungunmu. Baffa na tsugune a ƙofar zaure yana gyaran kekensa. Ya miƙe da sifana a hannu, har yana tambaya ko an ga yaron.

Gora ce ta ba shi amsa. Ta same shi a gefen fuska, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya, ya faɗa kan keken. Wani ya ɗaga hoton sama yana cewa, "Ga shi nan! Ina kan yaron mutane?" Suka rufe shi da sanduna, da ƙotar fartanya, da duwatsun da muke zama a kai da yamma. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne babu baƙo a cikinsu. Telan da ya ɗinka mini kayan Sallah yana ciki. Matar da take mini kitso ta zo da taɓarya. Mutumin da Baffa ya gyara wa injin ban-ruwa kyauta shi ne ya taka masa hannu a kan dutse, ya bi yatsun da guduma. Baffa ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya har bakinsa ya cika da jini ya daina.

Wasu suka kutsa ɗakinsa, suka farke katifa, suka tone ƙasan ɗaki suna neman kai. Suka fito da akwatin suka juye a tsakar gida, suka cinna wuta. Na ga lambun ɗawisu yana nannaɗewa yana yin baƙi, warin kafur ya cika gidan. Mahaifina ya tafi kasuwa, mata na kururuwa a bayan danga, ni ina maƙale a jikin rumbu na jiƙa zanina. Da idona na ga an mirgino taya, wani na buɗe galan ɗin fetur.

Sai Kaka ya fito. Tsoho ne da ba ya iya tashi sai an kama shi, amma ranar nan da rarrafe ya ratsa ƙafafun mutane, ya kwanta a kan ɗansa. Sandar da aka riga aka ɗaga ta sauka a gadon bayansa. Bai yi ko tari ba. Ya ɗago kai ya dube su ya ce, "Zuba mana tare. Babu wanda ban ci goron sunansa ba a cikinku. Zuba."

Mai galan ya tsaya da hannu a sama. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. Abin da na sani, motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya, gwaggon yaron ta sauko, dawowarta ke nan daga kasuwar Ƙafin Maiyaƙi, da shi a goye yana shan rake. Ashe da safe ya maƙale mata ta tafi da shi, wadda ta bar wa sallahu kuma ta manta. Kafin ka ce me, lungun ya zama babu kowa sai takalma da duwatsu masu jini.

Idon Baffa na hagu ya tafi, yatsunsa na dama ba su sake riƙe sifana ba, aikin ma ya bar shi. Gadon bayan Kaka bai ƙara miƙewa ba har ya rasu damina biyu bayan nan. Mutanen gari suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya suna "ya jiki", sai ka ce zazzaɓi ya yi. Na tsane su, kuma ba zan ɓoye ba, wasunsu har yau ba na iya gaishe su da zuciya ɗaya. Amma na fi tsanar kaina.

Ranar da aka dawo da Baffa daga asibiti, mahaifina ya tara mu yara da bulala a hannu, idonsa jawur, ya ce sai ya san wanda ya fitar da hoton. Daga kan tabarma Baffa ya ce, "Yaya, ajiye bulalar. Ni na nuna shi." Ya juyo da idonsa guda ya dube ni, sannan ya kau da kai. Shekara ta fi talatin, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Saboda haka da taro ya ƙare na hau jirgin ƙasa zuwa Kutna Hora, garin cocin. Na sauka matakalar cikin sanyi, ga ƙoƙunan nan yadda na san su, yaran makaranta na bin malamarsu shiru. Na tsaya inda nake zaton Baffa ya tsaya, na yi kuka har mai gadi ya miƙo mini kujera. Ina ta tunanin cewa a zamaninmu sai da hoto ya yi mako biyu yana bin hannuwa kafin ya tara jama'a. Yau kowa da waya a aljihu, kafin a idar da salla ya gama gari, kuma har yanzu ba a tambaya.

Washegari na nemo lambunsa a Prague, na kira ɗansa ta bidiyo. Aka kara wa Baffa wayar kusa da idonsa mai gani, na bi ɗawisu da ita a hankali. Ya daɗe yana kallo, yana cewa bishiyoyin sun ƙara girma.

"Kin je ɗakin ƙasusuwan?" ya tambaya.

"Na je, Baffa. Ban ɗauko maka ba. Yanzu sun hana ɗaukar hoto a ciki."

Ya shafa gefen fuskarsa da lanƙwasassun yatsun nan. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Sun makara, 'yata," in ji shi. "Juya ki nuna mini furannin."