Aku da Baban Cikin Waya

Mai Faci mutum ne da Allah ya yi wa tsawo ba tare da ya roƙa ba. In zai shiga ɗaki sai ya sunkuya, in ya hau bas sai ya naɗe ƙafafu kamar tabarma. Sunan kuwa tun daga gida ya taho da shi, daga gindin bishiyar da ya yi shekara da shekaru yana facin tayoyin kekuna da babura, da kwanon ruwa a gabansa da famfo a gefe. Da ya ƙetaro wannan ƙasar neman rufin asiri, ba irin aikin da bai taɓa ba. Ya yi dako, ya yi wanke-wanke a gidan abinci har fatar hannunsa ta yi fari. Ƙarshe dai sana'arsa ta biyo sawunsa ta kama shi, ya samu aiki a wani ɗan shagon gyaran kekuna na wata tsohuwa mai farin gashi da gajen haƙuri.

Lokacin da ya baro gida, matarsa na da ciki wata huɗu. Ya ce mata shekara ɗaya ce, in ta yi yawa biyu, zai aiko su taho. Takardu suka ce ba su san zancen ba. Sai da aka yi shekara biyar cur ana kai wannan ofis ana dawowa wancan, kuma a cikin shekarun nan aka haifa masa 'ya, ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi baki. Baki kuwa ba ɗan kaɗan ba, don tun ba ta cika shekara uku ba kowa ya manta da sunanta na yanka, sai Aku.

Duk wannan girman, ta waya Mai Faci ya gan shi. Kullum ƙarfe ɗaya na rana, lokacin hutun cin abinci, zai shige bayan labulen shago, ya kifa wani tsohon bokitin fenti ya zauna, ya jingina wayar da gwangwanin giris a kan kanta. Daga nan sai ya ciro wata jar hula da ya ajiye don wannan kiran kaɗai, saboda sanƙo ya fara yi masa sallama kuma ba ya so a gida a yi masa dariya. A bayansa ƙafafun kekuna ne rataye a bango. Da zarar an ɗauka, zai kaɗa wata ƙararrawar keke sau biyu, ita kuma Aku ta ɗora ɗan yatsanta a kan hancinsa a jikin gilashin wayar ta ce, "Ina wuni, hancin Baba?" Daga nan ba shi da sauran magana. Za ta ba shi labarin akuyar maƙwabta, da wanda ya mintsine ta, da abin da ta ci da wanda ta ƙi ci, shi kuwa yana dariya har abincinsa ya huce. Wannan rabin awar ita ta riƙe shi shekarun nan, ya sani, bai kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Da takardu suka fito, Mai Faci ya yi mako guda yana gyaran gida. Ɗaki biyu ne da kicin a hawa na uku, amma zaman gwauro ya mai da su reshen shago. Ya kwashe sarƙoƙin keke daga bahon wanka, ya fitar da tayoyi daga ƙarƙashin gado. Ya buɗe durowar kicin ya tarar da cokali ɗaya da sifana huɗu, sai ya ji kunya ya tafi sayen cokula. Ranar taryarsu ya yi aski tas, ya sa wata baƙar kwat da ya aro, ya bar jar hula rataye a shago.

A filin jirgi ya hango su tun daga nesa. Ya taho da sassarfa, hannuwa a buɗe, ya saki muryar nan tasa da ba ta taɓa ratsa waya yadda take ba: "Akuna!"

Yarinya ta ɗaga kai, ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, har ta kai ga ƙwalƙwal ɗin kansa. Sai ta ƙwalla ƙara ta shige bayan uwarta.

"Gajiya ce," in ji matar, tana dariya tana share hawaye. "Bari ta yi barci, gobe da kanta za ta ishe ka."

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Maman Aku dai ba ta ɓata lokaci ba wajen sabawa da sabon wuri. Ranar farko da ta soya albasa, na'urar hayaƙin da ke rufin kicin ta ɗauki ihu, ta yar da ludayi ta fito da gudu tana salati. Kwana uku bayan haka, ita ce ke hawa kujera ta yi wa na'urar fifita da murfin tukunya tana ce mata, "To, mun ji, sarkin tsegumi." Maƙwabtan da Mai Faci ya shekara uku bai san muryarsu ba, ta dinga gaishe su a matakala safe da yamma, da hannu da ka da murmushi, har suka gaji suka fara amsawa. Amma Aku, wadda aka san ba ta iya rufe baki ko tana cin abinci, da zarar ya shigo gida sai ta yi tsit. Ba ta karɓar komai daga hannunsa. In ya zauna nan, ta koma can. Wata safiya ya ji ta a kicin tana raɗa, irin raɗar yara da ake ji daga titi:

"Mama, Dogon nan yaushe zai tafi gidansu?"

"Ke, ba na hana ki ba? Babanki ne."

"Ƙarya ne. Babana ƙarami ne. Yana shiga jakarki."

Ran nan da ya koma aiki, ƙarfe ɗaya na yi sai ga kiran matarsa. Aku ce ke birgima a ƙasa tana kuka, wai Baba ya manta da ita, kwana da kwanaki bai kira ba. Mai Faci bai yi wani tunani ba, jikinsa ne ya yi abin da ya saba. Ya kifa bokiti, ya jingina waya, ya sa hula, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Kukan ya tsaya cak. Wani ɗan yatsa ya taho ya rufe gilashin.

"Ina wuni, hancin Baba? Baba, ina ka shiga? Mun hau jirgi! Kuma akwai wani Dogo a gidanmu, kansa ba gashi, yana shanye mana madara."

A nan ne ya kamata ya ce, "Ai ni ne Dogon." Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda fuskarta ke haske, ya tuna yadda take kallonsa a gida, zuciyarsa ta karaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kai! Madara kuma? Bari zan yi masa magana."

Shi ke nan, Mai Faci ya jawo wa kansa. Kullum da rana Aku na kai ƙarar Dogo wajen Baba, kullum da yamma Dogo na dawowa gida ya gyara halinsa. Aka ce yana waƙa a banɗaki da murya kamar injin niƙa, ya daina. Aka ce yana zama a kujerar bakin taga inda take kallon motoci, ya koma zaman ƙasa. Madara kuwa ya haƙura da ita, ya koma shan baƙin shayi yana yamutsa fuska. Ya gwada zuwa gida da jar hular a kansa, yana tsammanin ya gano bakin zaren. Sai da maƙwabciya ta leƙo saboda ihun Aku, wai Dogo ya saci hular Baba. Washegari a waya shi da kansa ya ba da tabbacin cewa ya ƙwato kayansa.

"Maigida, wallahi ban taɓa ganin irinka ba," in ji matar, tana ninke kayan wanki. "Mutum ya zama ɗan leƙen asirin kansa? Kai ne mai laifi, kai ne alƙali."

"Maman Aku, ki bar ni. Rabin awar nan kaɗai nake da 'ya."

"Ai kuwa in ka ci gaba haka, rabin awar za ka tsufa da ita."

Ya san gaskiya ta faɗa. Sai dai yana tsoro, tsoro na gaske, kada ya fasa ƙwan ya rasa duka biyun: Dogo ba a so, Baban waya kuma ya zama maƙaryaci.

Aka yi wata guda a haka. Wata Laraba, bayan an gaida hanci an gama labarin kare mai riga da ta gani ta taga, sai Aku ta matso da bakinta jikin wayar har ba ya ganin komai sai haƙoranta.

"Baba, ka zo ka kori Dogo mana. Mama ta ce in mun hau jirgi za mu zo wajenka, kuma ba ka nan. In ba za ka zo ba, mu koma gida kawai. Ni na gaji da jiranka."

Mai Faci ya sunkuyar da kai. Shekara biyar yana bin layin ofisoshi don ya kawo yarinyar nan kusa da shi, ga ta tana kwana taku goma daga gadonsa, kuma har yanzu jiransa take yi. Bayan an kashe wayar ya daɗe a kan bokiti da ƙararrawa a hannu. Tsohuwa mai shago ta ɗaga labule za ta yi faɗan lokaci ya wuce, ta dubi fuskarsa, ta saki labulen ta koma. Bai lura ba, ashe matarsa ma tana gefen Aku ta ji duk abin da aka faɗa.

Washegari ƙarfe ɗaya ya zauna ya kira, ya ƙudura a ransa yau zai faɗi gaskiya, abin da zai faru ya faru. Ya kaɗa ƙararrawa. Hoton ya fito yana rawa, yana ganin sama da rufin gine-gine da gefen mayafin matarsa.

"Baba, mun shiga bas mu kaɗai! Mama ta danna jan abin nan na tsayar da bas da kanta, har sau uku, direba ya juyo yana kallonmu. Baba, ga wani shago da kekuna da yawa. Mun shiga. Akwai wata kaka tana mana dariya…"

Sai ya ji muryar ta zama biyu, ɗaya a cikin waya, ɗaya a bayan labule. Kafin ya motsa, hannun matarsa ya yaye labulen.

"Kar ka tashi," ta ce da shi. "Wallahi in ka miƙe tsawon nan naka, ni da kai ne."

Ya zauna yadda yake, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Aku ta tsaya a bakin ƙofa da wayar uwarta a hannu. Ta dubi wayar: jar hula, ƙafafun kekuna a bango, fuskar Baba. Ta ɗago ta dubi gabanta: jar hula, ƙafafun kekuna a bango, fuskar Baba daidai tsayin tata, sai kuma ragowar mutum mai yawan gaske a haɗe da ita daga wuya zuwa ƙasa. Ta zagaya ta leƙa bayan wayarsa da ke jingine da gwangwani, ko akwai wani a ɓoye. Ta dawo ta ƙare wa takalmansa kallo, takalman da take tsallakewa kullum a ƙofar gida.

Mai Faci dai ko numfashin kirki ba ya yi. Ya ɗaga ƙararrawar ya kaɗa sau biyu.

Aku ta miƙa wa uwarta wayar ba tare da ta juya ba. Ta tako a hankali, ta ɗaga ɗan yatsa, ta dangwala a kan hancinsa. Ta janye da sauri, ta dubi yatsan, ta sake mayarwa ta bar shi a wurin.

"Mama," ta ce, "hancin Baba da ɗumi."

Ƙaton mutum har da sanƙo, sai ga hawaye shaaa. Tsohuwa mai shago, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensu, ta juya tana fyace hanci da tsumman goge giris. Maman Aku kuwa dariya take tana cewa, "To, alƙali, an kama ɓarawo."

Aku ta haye cinyarsa kamar ta saba, ta cire hular ta leƙa ƙarƙashinta, ta shafa sanƙon da tafin hannu, ta mayar da hular ta gyara mata zama. Sannan ta kama kunnensa ta jawo shi kusa.

"Baba, ashe tun tuni ka zo?"

"Tun tuni, Akuna. Ni ma ke nake jira."

"To yau in mun je gida ka sha madarar. Na yafe maka."