Ƙarfen Murhun Gwaggo

Shekarar da rusau ya iso lungunmu na Nakkasa, unguwar kan dutse a Makka, ni aka bar wa kwashe kayan Gwaggo, yayar mahaifina. Ni da maigidana mun daɗe da komawa unguwar Zahir, mun ware mata ɗaki, amma tsohuwar nan sai da ta ga jan fentin masu rusau a bangonta sannan ta yarda za ta tashi. Ranar ma ba ta bar ni na huta ba. Yagaggen faifai, murfin da tukunyarsa ta mutu tun ina goye, duk sai an tafi da su.

"Har da ƙarfen murhu," in ji ta.

Murhun tsakar gidan Gwaggo duwatsu biyu ne da ƙarfe ɗaya, baƙi ƙirin, samansa a baje, gindinsa binne a ƙasa. A kansa aka dafa abincin kowane biki da suna na lungun, har da nawa. Kowa ya san uwar maƙerar kakanmu ce, wato ƙarfen da yake ɗora aiki a kai yana duka.

Kakan nan namu maƙeri ne daga ƙasar Kano. Da ƙafa suka taso aikin Hajji shi da matarsa, babban yaƙin Turawa ya tsare su a tashar jiragen ruwa ta Fat Sudan, a can aka haifi Gwaggo. Turawan sun girke manyan igwa a bakin gaɓa, bayan katangun siminti, bakinsu na kallon teku don kada jirgin maƙiya ya kusanci tashar. Suka ɗauke shi gyaran sarƙa da ƙofofin rumbun albarushi. Ya kan ce in za a harba sai kowa ya wangale baki don kada kunne ya fashe, kuma shi dai bai taɓa ganin jirgin maƙiyi ba, wani katako ake ja a ruwa sojoji suna gwada hannu a kansa. Da aka gama yaƙi aka kwance igwa, sai ya tsinci ƙarfen nan cikin tarkace, ya ce ya samu abin sana'a.

Da shi suka ƙetaro teku a kwalekwalen katako, suka sauka a gaɓar da babu mai rubuta suna. Mahaifina a Makka aka haife shi, daga baya ya samu takarda. Gwaggo kuwa a bayan uwarta ta shigo, ta haura saba'in ba ta da ko ƙyallen iƙama, wato takardar izinin zama. In ta hango motar jami'ai sai ta canza hanya, don wanda aka kama ba takarda ƙasarsu ake mai da shi, ita kuwa wace ƙasa? Ko hanyar Jidda ba ta sani ba.

Da hantsi maigidana ya kama haƙa, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa na tsaye yana jiran ragowar kaya. Ƙarfen ya ƙi fita, da ya fito kuma sai ga gindinsa da tsini kamar kan masara. Mai sayen ƙarfe ya kankare toka da wuƙa, wani zoben jan ƙarfe ya bayyana a jikinsa. Mutumin ya yar da wuƙar.

"Gumbula!" ya ce, wato bam. Ya zura a guje, ko takalminsa bai tsaya gyarawa ba.

Innalillahi! Na ce da maigida ai abin da ya sha guduma ya sha wuta shekara da shekaru, da mai tashi ne da tuni ya tashi. Ya ce tsohon albarushi ba shi da amana, kuma in muka bar shi nan motar rusau ce za ta taka shi, ga mutane ba su gama tashi ba. In muka sa shi a mota, mu da iyalinmu ne. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Kiran hukuma ya zama dole, hukuma kuwa in ta shigo gida ba ta fita sai ta tambayi mai shi.

Na durƙusa gaban Gwaggo na ce, "Don Allah ki sauka gidan maƙwabta, in sun zo ni ce mai gida."

"Ƙarfen ubana ne, 'yar nan. Ba satowa ya yi ba."

"Gwaggo, takarda za su nema!"

"Na ji ki, ba kurma ba ce ni."

Kai, taurin kan tsofaffin gidanmu! Na buga waya ina kuka. Ita kuma ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da wankakken mayafi ta zauna a tabarma kamar mai jiran baƙi.

Jami'ai suka zo da motoci, suka kora kowa gangaren dutse, muka tsaya cikin rana muna kallon ƙofar. Wani sanye da kayan kariya masu nauyi ya shiga shi kaɗai. Da ya fito ya yi magana da babbansu, sai babban ya nufo mu yana tambayar ƙarfen na wane ne. Na buɗe baki ke nan Gwaggo ta riga ni.

"Haggi," ta ce. Nawa ne.

Na ce shi ke nan, ta ƙare mana. Mutumin ya tsuguna gabanta, ya ce, "Ya hajja, ina kika samo wannan?" Gwaggo ta kwashe labari tas da Larabcin Makka wanda ya fi nawa daɗi, da igwa, da wangale baki, da katakon da ake ja a ruwa. Da ta kai ga tuwon biki sai ya dafe kai yana dariya. Ya ce harsashin igwa ne tabbas, amma na gwaji ne, zallar ƙarfe, babu ko ramin da ake zuba albarushi. Duk da haka da shi za su tafi.

Sai ya miƙe ya ce, "Wa ya kira mu?"

Na miƙa masa katina na shaida. Ya rubuta, ya dawo mini da shi, ya juya ga Gwaggo.

"Ki sa mu a addu'a, ya hajja," ya ce, ya wuce.

Wallahi zama na yi a ƙasa, cikin ƙura, da abayata. Na yi ta maimaita alhamdulillahi har maigida ya ce in tashi mutane na kallo. Gwaggo kuwa mita ta kama, wai an raba ta da ƙarfe mai kyau, yanzu ina za a samu irinsa.

Da la'asar ina tallafa mata za ta hau mota, hannuna ya taɓa wani ƙulli ɗaure a cikinta ƙarƙashin mayafi. Na ce mene ne wannan kuma? Ta buge mini hannu, amma na riga na ga farin yadin. Likkafaninta ne, wanda ta wanke da Zamzam tun ina budurwa. Abin da ta shiga ɗaki ta ɗauko ke nan.

"Na ce in sun kai ni inda ban sani ba, in tafi da abin da ya san ni," in ji ta.

Na rungume ta a bakin motar na fashe da kuka, tana ture ni tana cewa zan karya ta. Da muka isa Zahir, tun kafin ta sha ruwa ta buɗe akwati, ta sa ƙullin a can ƙasa, ta danna shi da tafin hannu.

"Koma ka jira," ta ce masa. "A nan za a yi."