Iya Haulatu da Rawar Mazari

Da ta idar da sallar asuba, Iya Haulatu takan shimfiɗa tabarma a gindin masaƙarta da ke jingine da bango, a gidanta na Sandamu. Ta jawo auduga, ta dangwali alli da yatsu don kada su yi santsi, ta murza mazari. Shekara hamsin ke nan. Rabin 'ya'yan unguwar da majanyin da ta saƙa aka goye su.

Abu ɗaya ke cin ta a rai. Idonta ya fara hazo, kuma babu ko mutum ɗaya da ta koyi sana'ar a hannunta. Har ta faɗa wa maƙwabta cewa da zarar damina ta faɗi za ta kwance masaƙar, a yi girki da itacen.

Ana haka sai ga Malama Ujunwa, haifaffiyar Daura, wadda mahaifinta ke sayar da kayan gyaran mota. Ta shirya wa ɗalibanta sabuwar rawa don bikin al'adu na makarantu, ba kalangu, ba waƙa, sai motsin kaɗi da saƙa. Ta kwaso su, su goma sha biyu, su gwada wa Iya.

Suka jeru a tsakar gida, suka juya, suka watsa hannuwa sama. Iya ta yi dariya har da hawaye.

"Malama, waɗannan kaɗi suke yi ko korar kaji?"

"Iya, ina muka ɓata?"

"Zarenku ya tsinke tun ɗazu! Kuna fizge hannun hagu kafin mazari ya juya. Kuma wa ya taɓa kaɗi bai dangwali alli ba? Ke Zulfa, jikata guda, har da ke?"

Zulfa ta turo baki. "Iya, ai kwaikwayo ne, babu zaren gaske."

"To, shi ya sa."

Ta raba musu auduga. Mako shida suna zuwa kowace Asabar, zare na tsinkewa, tana ƙullawa, ba ta taɓa korar kowa ba. Rawar ta rage gaggawa, hannu ya koyi jira. Ranar bikin a Daura, waɗanda suka je sun ga wata tsohuwa cikin 'yan kallo tana ɗaga hannunta a hankali tare da yaran, ba ta ma san tana yi ba.

A gasar bikin, yaran na uku suka zo. Amma Asabar da ta biyo baya, Zulfa da ƙawayenta biyu suka sake sallama.

"Ba an gama rawar ba?"

"Iya, zaren da muka kaɗa fa? Ai sai a saƙa shi."

Damina ta faɗi, masaƙar tana nan a tsaye. Majanyin farko ya fito a karkace, Iya ta ce ko ɗan akuya ba za a goya da shi ba, sannan ta ninke shi ta sa a akwatinta.

Iya Haulatu, ke ce kika ƙi yarda a yi rawar aikinki da hannun da bai taɓa auduga ba. Gwana, mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya haskaka idonki.

Ku kuma da kuke da tsohuwa mai sana'a a gida, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nuna muku inda kuka ɓata.